Kazarki mai ɗingishi da kumburi a tafin ƙafa

Hajiya kin ce kazarki tana ɗingishi, tafin ƙafar ya kumbura kuma akwai baƙin ɓawo a tsakiya. To wannan ba karaya bace, rauni ne ta samu, ko ƙusa ko waya ko tsinin kwano ya soke ta, ƙwayar cuta ta shiga ta tara mugunya a ciki. In damina ta zauna a Kaduna abin ya fi yawa saboda ƙasan akurki kullum a jiƙe da kashinsu.

Ki samu ruwan ɗumi ki zuba gishiri, ki tsoma ƙafar kamar minti 15 har ɓawon ya yi laushi, in ya ɗago da kansa ki cire a hankali, mugunyar kaza ba ruwa-ruwa take ba, tauri gareta kamar cuku, sai ki wanke ki sa aidin ki ɗaure da bandeji amma kar ki matse sosai. Ki keɓe ta a wuri busasshe kan garin katako, kullum ki canza ɗaurin. In kumburin ya haura sama ko ta daina cin abinci, kai ta wajen likitan dabbobi kawai, kar ki yanka da reza.

Sandar da suke hawa kwana ki sauke ta ƙasa-ƙasa, kaza mai nauyi dirowar ma na ji mata ciwo.

Ki duba sauran kuma, in kin ga ɓawon ƙafarsu ya tashi yayi kaushi fari-fari, wasu ƙananan ƙwari ne ke shiga ƙarƙashinsa, basilin za ki dinga shafawa. Baƙin man inji da mutanenmu ke sawa, ni dai ban yarda da shi ba.