Amsa ga Koci kan yaron da za a sake wa tiyatar gwiwa

Assalamu alaikum 'yan gida. Koci, na saurari saƙonka kan yaron nan ɗan ƙwallonka da aka dasa wa jijiyar gwiwa, ACL ɗin nan da ke hana gwiwa gocewa, ta sake tsinkewa, yanzu likita ya ce hoton MRI ya nuna har guringuntsi ya taɓu. Ka ce ko a bar shi ya ƙarasa kakar wasa da bandeji tukuna. Don Allah kar a yi haka.

Ka ga, jijiya ana iya samo wata. A yanko daga bayan cinya ko daga ƙasan ƙoƙon gwiwa a dasa. Guringuntsin ne abin tsoro. Akwai mai santsi da ya lulluɓe kan ƙashi, shi jini ba ya zuwa masa, in ya goge ba ya dawowa yadda yake. Sannan akwai wani guringuntsin da ake kira meniskus, guda biyu ne, na ciki da na waje, suna zaune tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri kamar gammo, su ke ɗaukar nauyi. To duk lokacin da gwiwar nan ta goce masa a fili, su take murƙushewa. Wani babban bincike a Amurka, MARS, kan waɗanda aka yi wa tiyatar ACL karo na biyu, ya samu kusan kashi 90 cikin 100 da rauni a meniskus ko guringuntsi. Shi ya sa sakamakon aiki na biyu ba ya cika kai na farko, kuma amosanin gaɓɓai yakan zo da wuri.

Abin da nake so ku tambayi likitan, kai da mahaifinsa: meniskus ɗin ɗinke shi za a yi ko yankewa? Bakin meniskus ta gefen waje yana samun jini, in can ya yage yana ɗinkuwa ya warke. Yankewa ta fi saurin tayar da mutum, amma abin da aka cire ya tafi, nauyin sai ya koma kan guringuntsin ƙashi. Ku kuma tambaya me ya sa jijiyar da aka dasa da farko ta lalace. Wani lokaci ramin da aka huda a ƙashi don zura jijiyar ne bai zauna daidai ba, ko ya faɗaɗa, sai an cike shi da ƙashi, a jira watanni, sannan a yi dashen.

Mai ɗori kuwa, da girmamawa, wannan ba karaya ba ce, murza ba ta haɗa jijiya. Ku je wurin likitan ƙashi, irin su asibitin Dala a Kano.

In an yi ɗinkin meniskus ɗin, ba tsuguno na wasu watanni, sallah ma a kujera zai riƙa yi, a duba masa batun banɗaki tun yanzu. Ƙwallo kuma kar ya taɓa kafin wata 9, sai an gwada ƙarfin cinyar an ga ta kamo ɗayar. Ka turo min rahoton hoton ta akwatina in karanta. Allah ya ba shi lafiya.