Kafin ka ci bashin injin folish, ka sayi littafin rasit

Wani mai karatu daga Kano ya rubuto mini cewa: "Malam, ina da shago a Kantin Kwari, na kuma buɗe wurin wankin mota kusa da tashar Unguwa Uku. Muna wanke ƙananan motoci da bas-bas, Hiace da Kosta. Ƙanin mai ɗakina ke kula da wurin, da yara uku a ƙarƙashinsa. Ya ce suna wanke kamar mota 15 a rana, yana kawo mini N12,000, wani lokacin ƙasa da haka. Kwanan nan wani kamfani da ke kawo mana bas biyu ya daina, wai fentinsu ya dushe. Na ga bidiyon masu wanke manyan motocin nan masu ɗaki a ciki a Amurka, suna goge su da folish suna samun daloli. Ina so in ci bashin miliyan ɗaya da rabi in sayi injin goge mota in shiga harkar. Me kake gani?"

Alhaji, kada ka ci bashin nan. Injin folish ba shi ne abin da wurinka ya rasa ba. A cikin wasiƙarka kaf, ban da kuɗin da yake miƙa maka, babu lamba ɗaya da ka gani da idonka. "Ya ce suna wanke mota 15." Ya ce. Kai da ke Kwari, ko yadi biyar na shadda ba za ka bari yaro ya fita da shi ba tare da an rubuta ba, amma ka bar sana'a guda, da janareta da rijiyar burtsatse da sunanka a kan allo, a hannun mutum ɗaya babu littafi.

Mu ɗauki lissafin da ya ba ka ɗin ma. A ce goma ƙanana ne a N2,000, biyar bas ne a N4,000. Ka ga N40,000 ke nan. A cire fetur na janareta, wanda tun cire tallafi a watan Mayun 2023 ya zama shi ne babban mai cin kuɗi a irin wannan sana'a, a cire sabulu, a cire sallamar yara da abincinsu. Mai yiwuwa N12,000 ce ta rage da gaske. Mai yiwuwa N22,000 ce. Ni ban ce ƙanin matarka yana cin kuɗinka ba, Allah ne masani. Na ce ba ka da hanyar da za ka sani, shi ma kuma ba shi da hanyar da zai wanke kansa ranar da shaiɗan ya shiga tsakaninku. Ƙanin mata abokin wasa ne a al'adarmu, shi ya sa tambayarsa lissafi take yi maka nauyi, shi ya sa kuma kake bukatar takarda ta yi tambayar a madadinka.

Maganar fentin da ya dushe kuwa, ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin a nan ne rashin littafi ya fito fili har abokin ciniki ya gani. Fenti ba ya dushewa haka kawai cikin ɗan lokaci. Ka je wurin gobe da safe ba tare da ka sanar ba, ka sa hannu a bokitin kumfa ka shinshina. In ƙamshin omo ka ji, to ka samu amsarka. Omo da sabulun wanke kwanuka an yi su ne don su narkar da maiko, folish kuwa ɗan'uwan maiko ne, saboda haka duk wanki sai sun kwashe shi, su bar fenti tsirara a gaban ranar Kano. Ka zuba kofin ruwa a kan bonet ɗin motar da aka ce an yi wa folish makon jiya. In ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa, folish na nan. In ya baje ya kwanta, babu komai a jikinta. Sannan ka tsaya a gefen wata baƙar mota ka kalli ƙofarta a hasken rana. Za ka ga siraran zane suna zagaye kamar saƙar gizo-gizo. Wannan aikin soso ɗaya ne da aka wanke taya da shi aka dawo aka goge jiki, ko kuma tsumma busasshe da aka share ƙurar hunturu da shi kafin a jiƙa motar. Ƙura yashi ce, tana yankan fenti. In kana ba da kuɗin sabulun mota ana sayen omo, wa zai nuna maka, tunda babu rasit?

Na san wani bawan Allah a hanyar Zariya da ya yi daidai abin da kake shirin yi. Ya sayo injin goge mota mai juyawa da ƙarfi, ya miƙa wa yaransa, ya koma shagonsa. Ba a yi wata ba wani yaro ya danna injin a bakin ƙofar wata Kosta ta ma'aikata, inda fenti ya fi siranta, zafi ya ci fentin har farin shafen da ke ƙarƙashinsa ya bayyana. Masu mota suka ce sai an fente gefen gaba ɗaya. Da ya tara yaran, kowa ya rantse ba shi ba ne, kuma babu takardar da ta nuna wa ya karɓi motar a ranar. Ya biya mai fenti daga aljihunsa, ya rasa kwangilar, ga bashin inji yana jiransa duk ƙarshen wata. Injin yana nan a ɗakin ajiya har yau.

Bidiyon Amurka da ka kalla, ka kalli ƙyalli ka tsallake darasin. Masu wanke waɗannan motoci masu ɗaki galibi da tsawon mota suke yanke farashi, kaza a kowace ƙafa, wanki daban folish daban, saboda sun san awa nawa da folish nawa kowace ƙafa take ci. Kuma jikin yawancin motocin nan ba ƙarfe ba ne irin na Hiace, faiba ce mai wani irin shafe na daban a samanta, da nata kayan gyaran. Motocin ma nawa ka taɓa gani a titin Zariya? Abin ɗauka a wurinsu shi ne lissafin. Kosta ta kai kusan mita 7, Hiace ba ta kai haka ba, amma na tabbata a wurinka da ido ake yanka musu kuɗi, gwargwadon fuskar direba.

Ga abin da nake so ka yi da kuɗi kaɗan. Ka buga littafin rasit mai lamba a jere, mai kwafi biyu. Kowace mota da ta shigo a rubuta lambarta, irinta, aikin da aka yi mata, kuɗin da aka karɓa, da sunan yaron da ya wanke. Ka rubuta a allo da manyan baƙi cewa wanda ba a ba shi rasit ba kada ya biya. Direbobi da kansu za su zama masu gadinka. Ka buɗe asusu na wurin shi kaɗai, da POS, kada kuɗin wanki ya ƙara shiga asusun kowa. Sabulun mota da folish kai za ka riƙa saye, ko a kawo maka rasit da gwangwanin da ya ƙare.

Sai ka sadaukar da Asabar ɗaya ka tsaya a kan bas guda daga farko har ƙarshe. A jiƙa ta tukuna ruwa ya sauke ƙura. A fara daga rufi a sauko, ɓangare-ɓangare, ana ɗaurayewa kafin kumfa ta bushe. Bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso, taya kuma da nata soson. A tsane ta da tawul mai laushi nan take, don ruwan burtsatse in ya bushe da kansa yakan bar farin tabo. Kada a matsa bakin injin feshi kusa da sitikar kamfani ko robar taga, yana ɗaga su. Folish a inuwa ake shafa shi, jikin mota da sanyi, siriri, da hannu, a bar shi ya yi hazo sannan a goge. Yara suna ganin yawan shafawa shi ne kyau, alhali asarar gwangwani ce kawai da wahalar gogewa. A ƙarshen ranar za ka san awa nawa bas take ci, da bas nawa gwangwani ɗaya yake yi. Daga nan ne farashin folish zai fito, kuma daga nan ne in an ce maka gwangwani ya ƙare a bas uku za ka san abin da za ka ce. In akwai abin da ya cancanci kuɗi yanzu, rumfa ce da tsani mai kyau.

Shi kuma ƙanin mai ɗakinka, kada ka kore shi, kada kuma ka shigar da yayarsa cikin maganar. Ka zaunar da shi ku biyu, ka ce daga ranar ɗaya ga wata ga sabon tsari, ka yanka masa kaso a kan kowace mota da ke cikin littafi, yadda rubutawa za ta zama ribarsa. Mai gaskiya zai yi murna, don kuɗinsa zai ƙaru. In ya fara cewa ba ka yarda da shi ba, ka lura da kyau.

Bayan kwana 30 ka ɗauki littafin ka je wurin kamfanin da ya janye, ka roƙi su ba ka bas ɗaya ka wanke ka goge kyauta a gabansu. Sannan ka aiko mini da jimillar watan: motoci nawa, fetur nawa, direbobi nawa ne suka nemi folish da bakinsu. In sun kai 20 a wata, sai mu yi maganar inji, kuma ko a lokacin ƙarami za ka fara saye, da kuɗin wurin, bayan ka tura yaro ɗaya ya koya a hannun mai fenti.