Tambaya da Amsa: Ɗakin da Ba Azara, Zai Jure Damina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a garin Tawa, ina son ƙara ɗaki biyu a gidana, amma azarar giginya ta yi tsada ƙwarai, mai arahar kuma gara ke cinye ta cikin shekaru kaɗan. Kwano kuwa, duk wanda ya kwana ƙarƙashinsa a watan Afrilu ya san abin da nake gudu. Na ji ana yin gini ba tare da itace ba. Shin irin wannan ɗaki yana jure damina, ko zai rufta wa iyalina?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Yana jurewa, matuƙar magini ya san aikinsa, kuma ina ba ka shawarar ka yi shi.

Tsadar azara tana da dalili. Giginya takan ɗauki shekaru masu yawa kafin gangar jikinta ta ƙosa, kuma in aka sare ta ba ta sake tohowa, saɓanin gawo ko sabara da kututturensu ke fitar da sabon reshe. Shi ya sa dazukan giginya na Dallol Mawri, wajen Gaya ta Nijar, suka ragu har hukuma ta sa ido kan saransu. Gaskiya ne itacen girki ya fi gini cin daji, amma gini manyan itatuwa yake zaɓa, waɗanda suka fi wuyar mayarwa, kuma wannan ne ya fi damuna.

Shi wannan gini ba baƙo ba ne a Nijar, domin tun 1980 aka fara gwada shi a Cikal, kusa da Filinge, bisa dabarar mutanen Nuba na kwarin Nilu. Magini yakan jingina layin farko na ƙananan tubalan laka da bangon ƙarshe a karkace, ya ɗora na biyu a kan na farko, haka har rufin ya haɗe kamar baka, ba tare da ya kafa ko sanda ɗaya ta tallafi ba. In kubba ce, da ma'auni daga tsakiyar ɗaki yake daidaita kowane tubali. Nauyin rufin yana tura bango waje, saboda haka dole bangon ya yi kauri, harsashi ya yi zurfi, kuma kada a faɗaɗa ɗakin fiye da yadda magini ya ƙayyade. A nan ne masu son rage kuɗi suke jawo wa kansu asara. Kaurin nan ne kuma yake hana zafin rana shiga ɗaki.

Kada wani ya ce maka ginin ƙasa na marasa hali ne. Masallacin Yama, a jiharku, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine a 1986, ko da yake shi akwai itace a rufinsa. Sabon masallacin Dandaji kuwa, na 2018, da tubalin ƙasa da injin ya matse aka tada shi.

Abokin gabar ɗakinka ruwa ne. Ka nemi maginin da ya koyi wannan aikin musamman, ka je ka ga ɗakin da ya gina wanda ya sha damina uku ko huɗu, ka tambayi mai ɗakin ko yana yoyo. A gama rufi kafin ruwan farko, a sa indararo masu tsawo da za su jefa ruwa nesa da gindin bango, sannan kowace shekara, kafin watan Yuni, ka hau sama ka toshe tsaga ka sabunta yaɓe.