Ƙanwata mai tambayar ƙasar da za ki fara zuwa, ga abin da ya same ni

Assalamu alaikum mutanen gidan nan, iyayenmu da yayyenmu ina gaisuwa.

Ƙanwata, tun bayan sallar isha'i na ga tambayarki, na karanta na ajiye wayar, na kasa barci. Kin ce kin kwashi adashe, fasfo ɗinki ya fito, ba ki taɓa tsallake Najeriya ba, kina tsakanin Dubai da Turkiyya da Masar, kuma akwai wani da aka haɗa ki da shi ya ce ki kawo fasfo da rabin kuɗi zai yi miki komai cikin sati biyu. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta hana ni barci. Wallahi kamar ni ce na rubuta a 2022, har sati biyun ma iri ɗaya.

Don girman Allah kar ki ba shi fasfo ɗinki tukuna. Ki bari ki gama karanta wannan.

Ni lesuka da turaren wuta nake sayarwa a gida, nan Agege. Daga Balogun nake saro kaya. Shekara biyu na yi ina zubi don in je Dubai in ga kasuwar da ake ta ba mu labari, in saro abayoyi da turaruka da hannuna. Wata maƙwabciyarmu ce ta haɗa ni da mutumin, ta ce shi ya yi wa 'yar yayarta. Bahaushe ne ɗan'uwanmu, wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai. Da wani ne can daban da na yi taka-tsantsan. Amma mutum ya tarbe ni da "Hajiya sannu da zuwa, ya mai gida, ya yara", ya sa aka kawo mini ruwa mai sanyi, ga carbi a hannunsa, ga hoton Ka'aba a bango, ga fasfo na mutane an ɗaure da kyauro an jera a kan tebur. Da na ga tarin fasfo ɗin nan sai hankalina ya kwanta, na ce ai duk waɗannan ba za su zama wawaye ba. Ban san cewa duk irina ba ne.

A watan Agusta na ba shi fasfo da rabin kuɗi. Ko rasit ban karɓa ba, kunya ta hana ni tambaya. Sati biyu ya zama wata guda, ya ce in ciko sauran saboda tikiti yana tashi. Na cika. A watan Oktoba na shekarar Daular Larabawa, ƙasar da Dubai take ciki, ta dakatar da ba 'yan Najeriya biza, jirgin Emirates ma ya daina zuwa Legas. Kowa a harkar ya san da wannan, ni ce kawai ban sani ba, ni da ba na bin labarai. Mutumin nan ya sani sarai, amma a watan Nuwamba ya kira ni ya ce biza ta kusa, akwai wani kuɗin inshora da aka ƙaro, in turo. Na turo, ƙanwata. Da hannuna na je wajen mai POS na tura masa.

Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne na riga na gaya wa kowa. 'Yan'uwa daga Kano da Zariya sun aiko da sautu, wannan abaya uku, waccan zoben gwal, ƙanwar mai gidana har da kuɗin kayan lefen ɗanta. Na rubuta kowa da nasa a wani ɗan littafi mai jan bango. Wani abu daga cikin kuɗin sautun nan na taɓa na cika wa mutumin, da niyyar in mayar idan na yi ciniki. A nan na yi babban kuskure, kuma ina roƙon duk wadda take karanta wannan kar ta taɓa karɓar sautu sai biza tana hannunta.

Ranar da ba zan manta ba, wata Talata ce cikin Fabrairu. Ya daina ɗaukar wayata, sai na goya ƙaramin ɗana na shiga danfo. Kun tuna lokacin, lokacin wahalar takardun naira, da ƙyar na haɗa kuɗin mota. Awa biyu da rabi muna cikin cunkoso, yaro yana kuka, zufa ta jiƙa mini hijabi. Na hau benen nan hawa biyu na tarar da kwaɗo a ƙofa, an cire allon sunan ma. Wata Bayarabiya mai sayar da ruwa a ƙasa ta dube ni ta girgiza kai, ta ce ke ce ta huɗu yau. Na zauna a kan matakala. Ban yi kuka da sauti ba, amma ƙafafuna sun ƙi ɗaukata, na fi rabin awa a wurin. Matar nan ita ta ɓalle ruwa ta ba ɗana, ta ƙi karɓar kuɗi. Allah ya saka mata. Ina zaune ina tunanin da wane baki zan gaya wa mai gidana, shi da tun farko ya ce hankalinsa bai kwanta da mutumin ba, da wane ido zan dubi dangin miji.

Sarƙata da 'yan kunnen da mahaifiyata ta ba ni ranar aurena, su na sayar na biya mutane sautunsu. Har yau akwai wadda idan mun haɗu a biki sai ta ce "Hajiyar Dubai an dawo lafiya?" a gaban mutane. Maƙwabciyar da ta haɗa mu kuwa cewa ta yi ita ba ta ce in ba shi kuɗi ba. Fasfo ɗina sai bayan wata bakwai ya dawo, ta hannun wani dattijo a unguwarmu da ya san danginsa, a cikin baƙar leda, da tabon manja a bangonsa. Kuɗi ko sisi. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba, ba zan ɓoye muku ba.

To, ki yi haƙuri na cika ki da labarina. Kin tambayi inda za ki je.

Ni dai tafiyata ta farko da ta tabbata Gana ce, a ƙarshen 2023, kuma da ita aka fara nuna mini tun farko da ban shiga abin da na shiga ba. Dalilina ɗaya ne: babu mai shiga tsakaninki da fasfo ɗinki. Muna cikin ECOWAS, ɗan Najeriya yana shiga Benin da Togo da Gana da Senegal da sauransu ba biza, ya zauna har kwana 90. Ba ejan, ba layin ofishin jakadanci, ba takardar banki. Fasfo, katin rigakafin shawara, kuɗin mota, shi ke nan. Mu da muke Legas ma Allah ya kawo mana abin har ƙofar gida, daga Mile 2 ki bi Badagry kin isa Seme, kina tsallakawa Kwatano ce a gabanki.

Na bi wata Hajiya da ta daɗe tana fatauci a hanyar, tare da ƙanin mai gidana. Da asuba muka tashi a babbar mota daga Jibowu. Iyaka uku ake tsallakawa, Seme, sai Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao da za ki shiga Gana daga Lome. Tafiyar ba ta kai kilomita 500 ba amma yini guda take ci saboda tsaye-tsaye, sai dare muka shiga Akra. Idan kuɗinki zai kai kuma hawa jirgi kike marmari, daga Ikeja zuwa Akra kamar awa ɗaya ce. Ni dai ina son hanyar mota saboda tambari. Da na koma mazaunina bayan Aflao na buɗe fasfon nan mai tabon manja na ga tambarin ƙasashe uku a jere, sai da hawaye ya zubo mini.

Katin shawarar nan kar ki yi wasa da shi, kuma kar ki yarda wani ya ce zai kawo miki har gida ba tare da allura ba. Ki je wajen ma'aikatan lafiya na tashar jirgi a yi miki allurar da gaske, aƙalla kwana goma kafin tafiya. Sau ɗaya ake yi, ta isa har ƙarshen rayuwa. A motarmu akwai wani yaro da ba shi da shi, sai da ya ɓata mana kusan awa guda a iyaka.

Abin da ya fi burge ni a Akra, ban yi baƙunta ba. A Nima muka sauka. Ki fito da safe ki ji ana "ina kwana", ana sayar da koko da ƙosai, ga wake da shinkafa da suke kira wace, ga tuwon da suke ce wa tuwon zafi. Hausarsu ta ɗan bambanta da tamu amma za ku fahimci juna tsaf. Wata tsohuwa da ta ji daga Najeriya nake ta riƙe hannuna ta ce kakanta daga Katsina ya zo fataucin goro bai koma ba. Kin san tarihin fataken Gwanja da ake ba mu muna yara, ashe ga jikokinsu nan a zangon Akra da na Kumasi. Ranar Juma'a muka je babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka taimaka aka gina aka buɗe a 2021. Ginin irin na masallatan Santanbul ne, kubba a kan kubba. Ke da kike son Turkiyya, ki je ki fara ganin wannan. Na shiga kasuwar Makola na ga atamfofinsu, na sayo turmi shida kawai don gwaji, cikin sati guda suka ƙare a Agege. Ki tuna agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, Togo ma haka, ni sai da na tashi sallar asuba tun lokaci bai yi ba.

Kuɗi kuma, Benin da Togo sefa suke ci, Gana sidi. Ki canza kaɗan a nan wajen 'yan canjinmu da kika sani, ki riƙe ƙananan takardu, ki raba kuɗin wuri biyu ko uku a jikinki. Kar ki dogara da katin banki. Gana ba ta da araha yadda mutane suke zato, musamman masauki, don haka ki nemi inda za ki sauka tun kina gida. Ki ɗauki hoton shafin farko na fasfo ki tura wa mutum biyu a gida. Yanzu da ƙaramin fasfo mai shafi 32 ya koma naira dubu 100 tun Satumbar 2025, ba abin da za ki miƙa wa kowa ba ne ya jefa a durowa.

Na san za ki ce ke ba Gana kike mafarki ba. Na gane, ni ma a lokacin da wani ya ce mini Gana da na ji haushi. Ba cewa nake kar ki je Dubai ba. An buɗe biza tun Yulin 2024, Emirates ya dawo Legas a Oktoba na shekarar, mutane suna zuwa. Amma dokokinsu a kanmu suna yawan canzawa, kuma su da Turkiyya da Masar duk sai da biza. Fasfo sabo fil ba tambari ko ɗaya, ga mace matashiya, ga asusun banki da kuɗi suka shigo a dunƙule rana ɗaya saboda adashe, irin wannan shi ake fi juya wa baya. In an hana ki kuma kuɗin neman biza ba ya dawowa. Turai ma kar ki fara tunaninta yanzu, kuɗin neman bizar kawai yuro 90 ne, a ba ki ko a hana ki. Sannan duk wanda ya ce zai "gyara" miki takardar banki, ki gudu. In aka gano ta jabu ce sunanki ne zai ɓaci, shi yana nan zaune yana jan carbi.

Idan jirgi mai nisa kike so ba tare da wahalar biza ba, akwai Ruwanda, 'yan Afirka suna shiga ba sai sun nema tun daga gida ba, kuma akwai jirgi daga Legas zuwa Kigali. Ƙawata ta je bara. Ta ce ki cire duk wata leda daga kayanki, an hana amfani da ita a ƙasar.

Ban ga kin ambaci Umra ba, amma in kuɗin zai kai kuma zuciyarki tana can, to wannan babu abin da za a haɗa da ita. Sai dai ki bi kamfanin da yake da lasisin hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ki nemi ganin lasisin da idonki, ki biya ta asusun kamfani ba na mutum ba, ki karɓi rasit. Ki guji watan azumi in kuɗinki a ƙididdige suke, lokacin komai ya fi tsada. Ni ma ita nake tara wa yanzu, a hankali, ban gaya wa kowa a dangi ba sai mai gidana. Ku ma ku sa ni a addu'a.

Shi wannan da aka haɗa ki da shi, ban san shi ba, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Ki tambaye shi abu uku a gaban mai gidanki ko yayanki: sunan kamfaninsa da rajistarsa, wace irin biza ce zai nema miki, kuma me zai sa fasfo ya kwana a wurinsa. Ki lura da fuskarsa lokacin da yake amsawa. Nawa da na tambaye shi irin bizar, dariya ya yi ya ce "Hajiya ke dai ki shirya akwati", ni kuma na yi shiru don kar a ce na raina babba.

Ki faɗa mana nawa ne a hannunki, kwana nawa za ki iya barin gida, da wa za ku tafi, kuma yawon buɗe ido ne ko sari. In Gana kika zaɓa, Hajiyar da na bi tana nan tana zuwa duk bayan wata biyu, ki yi mini magana ta gefe in tambaye ta ko za ta yarda ku tafi tare, amma ku fara haɗuwa a gidana ke da wani babba naki.