Kofi sai ya shiga zaure

Ɗana, saƙonka ya iso, Allah ya ƙara muku nasara. Ka ce tunda kulob ya yi rajista, yara suna sa hannu a kwantiragi, don me dattawa suka dage sai an ɗauki kofi a ƙafa an kai wa mai unguwa da gidajen tsofaffin 'yan wasa? Ai hoto a Facebook ya isa, in ji ka.

Bai isa ba. Bari ka ji mafarin abin.

Tun kafin a fara gasar ƙwararru a ƙasar nan a 1990 muke buga tamaula a filin nan, kuma ba da kuɗi muka same shi ba. Gona ce. Mai unguwa na wancan lokaci shi ya roƙi magada suka bar mana. Mu muka tumɓuke kututturan dawa da hannu, muka kafa raga da itacen dalbejiya. Jesinmu na farko wani tela a Tudun Wada ya ɗinka bashi, lambobin ma da ƙyalle ya yanka ya liƙa, ta shida ta fito a karkace har aka riƙa kiran mai ita da sunanta. In za mu wasa Kaduna ko Funtuwa, karo-karo ake yi: mai shayi ya ba da nasa, mahauci ya ba da nasa, iyayenmu mata su aiko da lemun hutun rabin lokaci a kwando. To da muka ci kofin farko, ina za mu kai shi in ba ƙofar waɗannan mutane ba? Masu dukiya ne aka je nuna wa ribarsu.

Ka san Ranchers Bees ta Kaduna, wadda a da ake kira DIC Bees. A 1988 sun kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofunan ƙasashe, a 1989 suka ɗauko kofin WAFU na kulob-kulob ɗin Afirka ta Yamma, kuma a wurinsu Daniel Amokachi ya fito. Na kalle su da idona, wallahi abin sha'awa ne. Duk da wannan suna, daga baya sun sauka ƙaramin rukuni. In babba irin wannan zai ga rana da inuwa, ina ga mu? Ranar da mai ɗaukar nauyinku ya janye hannu, kuma yakan faru, ƙofofin nan da kake ganin wahalar takawa su za ku ƙwanƙwasa.

Ku fita bayan la'asar. Ku fara da mai unguwa, kyaftin ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ajiye kofin a gabansa, kada ya miƙa a tsaye. A yi fatiha ga waɗanda suka riga mu. Telan nan ya rasu, amma mai ɗakinsa tana raye. Ku tsaya a zaure, ku ba ƙaramin yaro kofin ya shigar mata ta taɓa. Ni ku bar ni ƙarshe, zan sa a dama muku fura.

Ka gaishe min da mahaifiyarka.

Baffanka