Tsire Ba Suya Ba Ne, Da Sauran Tambayoyin Gidan Abinci

Wani mai karatu daga Kaduna ya ce ya je Abuja, ya ga an rubuta "suya" a ƙofar mai nama, aka miƙo masa tsire. Yana tambaya ko kalmomin biyu ɗaya ne.

Ba ɗaya ba ne, kuma wannan abu ya daɗe yana damuna. Suya daga "soya" ta fito, aikin kasko ne da mai: suyar ƙosai, suyar gyaɗa, suyar naman Sallah. Tsire kuwa daga "tsirewa" yake, wato a soke yankakken nama a tsinke, a barbaɗe shi da ƙuli da yaji, a kafa shi gefen wuta. Balangu ba ya shiga tsinke, gunduwa-gunduwa ake gasa shi a kan waya. Kilishi ana fere shi ne siriri, a shanya, a tsoma a labu, a sake shanyawa, sannan a nuna masa wuta. Maƙwabtanmu na Kudu ne suka haɗa su duka suka kira suya, kuma ban ga laifinsu ba, haka aron kalma yake a kowane harshe. Abin da ba na so shi ne Bahaushe, wanda ya tashi yana jin ƙamshin tukuba, ya tsaya gaban mahauci a Fagge ya ce a ba shi suya. Mu ne muke da sunaye huɗu, don me za mu zubar da su mu ɗauki ɗaya wanda ma ba a muhallinsa yake ba?

Abincinmu ya yi tafiya da sunayensa fiye da yadda muke zato. A Accra, waakye da ake layi a kansa kowace safiya "wake" ne namu, kose ƙosai ne, tuo zaafi tuwon zafi ne. Kalmar buka, da ake kiran ƙananan gidajen abinci a Legas da Ibadan, daga "bukka" take, har ƙamusun Oxford ya shigar da ita a 2020. To idan baƙi sun riƙe mana kalmomi, mu ma sai mu riƙe. Shi kuwa mai tambaya, tunda Abuja yake zuwa, gasasshiyar kazar gidan nama na Yahuza ta cancanci kuɗinta, kilishi kuma ya nemi masu yinsa a Area 1, ya ɗanɗana kafin ya biya.

Wata daga Zariya ta tambayi bambancin otal da gidan abinci. Otal wurin kwana ne da farko, kuma a kunnen dattawa kalmar tana da wani wari. Ki ce gidan abinci, hankalin kowa ya kwanta.

Wani ɗalibi a Kano ya ce abokai sun kai shi wani wuri mai sanyi da fitilu, aka kawo shinkafa ɗan cokali uku, da lissafi ya zo sai ga harajin VAT kashi 7.5 cikin 100 da kuɗin hidima a kai. Yana neman karin maganar da ta dace.

"Ba girin-girin ba, ta yi mai." Girin-girin shi ne hayaniya da kai-komo da ƙarar tukwane, mai kuwa shi ne abin da ke nuna miya ta samu hannu. Na sha jin matasa suna cewa "ta yi kyau" a ƙarshen, wannan ɓata magana ce, domin duk hikimar a man take. Akwai kuma "kallon kitse ake wa rogo", ga wanda fari ya ruɗe shi daga nesa. Amma kada ɗalibin ya ɗauka duk mai tsada zalunci ne, Hausawa sun ce "araha ba ta ado". Wanda ya zauna a wuri mai tsabta, da janareta yana aiki, da ma'aikata suna hidima, ya san ba shinkafa kaɗai ya saya ba. Ni dai ma'aunina shi ne ka tashi a ƙoshe, kuma washegari cikinka lafiya. Da wannan ma'auni, gurasar Jakara da aka yi bandashe da ita, da ƙuli da man gyaɗa da albasa, ta fi faranti da yawa da na ci a unguwannin masu hali.

Tambaya daga Maraɗi: a "daidai ruwa daidai tsaki", wane tsaki ake nufi? Tsakin hatsi ne, wanda ke saura a rariya bayan tankaɗe, ba na baki ba. Ma'anar ita ce ka auna aljihunka kafin ka zauna.

Wani kuma ya ce ko ɗan abin da ake bar wa mai kawo abinci tukuici ne. A'a. Tukuici na ɗan aike ne da ya kawo maka kyauta daga wani, kai kuwa abincin nan saye ka yi. Ka ce ihisani, ko ka ce ka ba shi na goro. Ƙarin da mai masa ke ɗora maka bayan ciniki shi ne gyara, kada a haɗa su.

Ta ƙarshe daga Jos: mene ne santi? Maganar da daɗin abinci ke fizgowa daga bakin mutum ba shiri, ko waƙa, ko kirari ga mai girki, shi ya sa ake tsokanar yara da cewa a ci a hankali kada a yi santi. Yanzu ina jin ana cewa "na yi santin motar nan", kuma na fara haƙura da shi, amma asalinsa a bakin akushi yake.