Amsa kan yadda ake auna gudun 'yan ƙwallo a lokacin wasa

Ɗan'uwa, ka tambaya game da baƙar 'yar shara da ake gani a jikin 'yan ƙwallo idan sun tuɓe rigar wasa, da kuma yadda ake sanin nisan da kowannensu ya ci a fili. Wannan 'yar rigar tana da aljihu a baya, tsakanin kafaɗu biyu, inda ake saka ƙaramar na'urar GPS, mai gano wuri ta hanyar tauraron ɗan'adam, wadda galibi take nuna inda ɗan wasa yake sau 10 a kowace daƙiƙa, tana kuma lura da tashinsa da gudu, da tsayawarsa farat ɗaya, da juyawarsa. Catapult da STATSports suna cikin kamfanonin da suka yi suna wajen ƙera ta, kuma sai a 2015 hukumar IFAB, mai tsara dokokin wasan ƙwallon ƙafa, ta amince a riƙa sanya ta a wasannin gasa. A manyan filaye kuwa, kyamarorin da aka kafa a sama su ma suna bin sawun kowa.

Ƙwararren ɗan wasa yakan ci kilomita 10 zuwa 12 a minti 90, 'yan tsakiya ne kan gaba, mai tsaron gida kuma kusan rabin haka. A ganina wannan jimillar tana ruɗar mutane, domin mafi yawanta tafiya ce da sassarfa. Abin da masu horarwa suka fi zuba wa ido shi ne sau nawa ya yi gudun da ya haura kilomita 25 a awa, saboda a irin wannan gudun ne naman bayan cinya ya fi yagewa, kuma da wannan lissafin ake yanke shawarar wanda za a hutar a atisayen gobe.